Gaskiya ko Jita-jita: Wai Wanda Ya Yarda da Sulhu Ya Zubar da Haƙƙinsa?

A ƙofar kowace kotu akwai benci, a kan bencin kuma akwai lauyoyin da ba su taɓa shiga ajin lauya ba. Wani shari'ar fili ta kawo shi, wata ta zo neman kuɗin ciyar da 'ya'ya, wani kuwa rakiya kawai ya yo, amma kafin masinja ya leƙo ya kira sunanka sun gama yanke maka hukunci har sun ɗaukaka maka ƙara. Na sha zama a irin wannan benci a wata shekara da rikicin iyakar gona ya haɗa danginmu da maƙwabta. Abin da na lura da shi shi ne, babu maganar da ke tayar da fatawar 'yan benci kamar a ce alƙali ya ce ku je ku sasanta. Nan take za ka ji an ce, "Kada ka yarda, Alhaji, cinye ka za su yi." Wani ya karɓe, "Ai ko ka sa hannu aikin banza ne, gobe zai tayar da maganar." Wata dattijuwa a gefe ta ce, "Ɗan nan, karɓi abin da aka ba ka, shari'a sai mai kuɗi."

Kowannensu da abin da ya taɓa gani, shi ya sa ba na raina maganarsu. Amma na ɗebi waɗanda na fi ji, na auna su da dokokin ƙasa da kuma littattafan fiƙihun da alƙalanmu ke aiki da su. Wasu sun faɗi warwas. Wasu kuwa, abin mamaki, sun fi yadda masu faɗarsu ke zato nauyi.

"Marar gaskiya ne ke neman sulhu"

Jita-jita ce, kuma ita ta fi kowace ɗaure wa mutane baki. Tsoron a fili yake: in na ce zan biya rabi don a kashe magana, gobe lauyan abokin shari'ata zai miƙe ya ce, "Ya mai shari'a, da bakinsa ya yarda ana binsa." Doka ta toshe wannan ƙofa. Dokar Shaida ta Najeriya ta 2011 ta hana a kafa hujja, a shari'ar da ba ta laifi ba, da takardar neman sasanci wadda aka yi wa alamar cewa ba za a riƙe mai ita da abin da ke ciki ba. Sai kuma ga Dokar Tahkimi da Sulhu, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu ranar 26 ga Mayu 2023, kwana uku kafin ya sauka, ta maye gurbin tsohuwar dokar soja ta 1988. A ƙarƙashinta, abin da aka faɗa a zaman sulhu sirri ne. Tayin da ka yi, abin da ka amsa, shawarar da mai shiga tsakani ya kawo, duk ba a ɗaukar su a kai wa alƙali in zaman ya watse. Akwai togaciya, kamar inda maganar ta shafi tona laifi ko hana aukuwarsa, ko inda ake son tilasta cika yarjejeniyar kanta. Ban da irin waɗannan, abin da aka faɗa a ɗaki a ɗaki yake kwana.

Malaman Malikiyya sun daɗe da wuce wannan wurin. Sun kasa sulhu gida uku: wanda ake yi bayan mutum ya amsa abin da ake nema a wurinsa, da wanda ake yi alhali yana musu, da wanda ake yi ya yi shiru bai ce e ba bai ce a'a ba. Kenan mutum yana iya tsayawa kan cewa ba a binsa ko sisi, amma ya ba da wani abu don ya fanshi kansa daga rantsuwa da zaryar kotu, ba tare da an ce ya amsa laifi ba.

Mutanen Kano suna da babban misali a gida. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani gwaji da ya shafi yara kimanin 200, inda 11 daga cikinsu suka rasu. Gwamnatin Kano ta shigar da ƙara a 2007, a 2009 kuma aka sasanta a wajen kotu kan dala miliyan 75. Kamfanin ya biya, amma bai taɓa amsa cewa ya yi laifi ba. Matsayinsa shi ne cutar ce ta yi kisan. Gwamnati ma ba ta ce ƙararta ba ta da tushe ba. Kowa ya riƙe maganarsa, aka rufe fayil. Ko kuɗin ya kai girman abin da ya faru, wannan muhawara ce ta daban, kuma ba a manta cewa sai a Agustan 2011 iyalai huɗu na farko suka karɓi dala 175,000 kowanne bayan gwajin ƙwayoyin halitta.

Ni a ganina ma mai gaskiya ya fi kowa dalilin neman a gajarce hanya, don shi ne kullum ake ci da haƙƙinsa muddin ana ɗage zama. Ɗaliban lauya duk sun san shari'ar Ariori da Elemo, rikicin fili a Legas da aka shigar a 1960. Da ta kai Kotun Ƙoli a 1983, hukuncin da aka samu shi ne a koma a faro ta daga tushe.

"Mai sulhu ai ƙaramin alƙali ne"

A nan bakinmu ne ya ruɗe mu. Kalmar sulhu guda muke jefa wa abubuwa uku da doka ta raba. Akwai mutum biyu su zauna su daidaita da kansu. Akwai su kawo na uku ya shiga tsakani, ya saurari kowa, wani lokaci ya keɓe da kowane ɓangare shi kaɗai, ya kawo shawara, amma ba shi da ikon cewa kai ne da gaskiya, kai kuma biya. Sannan akwai tahkimi, inda su biyun suka miƙa wuya tun farko ga wani hakami, suka ce duk abin da ka yanke mun ɗauka. Na biyun shi ne mai shiga tsakani, kuma duk girman rawaninsa ba ya iya ɗora maka abin da ba ka yarda da shi ba. Kana da ikon tashi ka kaɗe rigarka. Na ukun kuwa hukunci yake yankewa, kuma kotu tana iya tilasta maka bin sa.

Wannan bambanci ba na 'yan boko kaɗai ba ne. Aya ta 35 cikin Suratun Nisa'i ta yi umarni a tayar da hakami daga dangin miji da hakami daga dangin mata in an ji tsoron ɓaraka. A mazhabar Malik waɗannan biyun ba 'yan ba-da-baki kawai ba ne: in suka ga zama ba zai yiwu ba suka raba auren, rabuwar ta zauna ko ma'auratan ba su so ba. Ga shi nan, suna ɗaya a bakinmu, amma ƙarfi daban.

To mai unguwa fa, ko dagaci, ko dattawan zuri'a? Ya danganta da abin da kuka ce musu da kuka shiga zaure. A 1988 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta taɓa cewa dokar Najeriya ba ta san wani tahkimin gargajiya mai ɗaure mutum ba. A 1991 Kotun Ƙoli, a shari'ar Agu da Ikewibe, ta ce ta sani. Hukunce-hukuncen da suka biyo baya suka jera sharuɗɗa: ɓangarorin sun je da ƙafarsu ba tilas, sun yarda abin da dattawa suka yanke shi ne ƙarshe, an bi al'adar wurin, an yanke an kuma bayyana, sannan ba wanda ya ƙi amincewa a lokacin. In waɗannan suka cika, wanda ya sha kaye ba zai je kotu ya sabunta magana ba. Saboda haka wanda ya shiga zauren dagaci ya ce, "Ranka ya daɗe, duk abin da ka ce shi ke nan," ya san cewa ba gaisuwa kawai ya yi ba. Ladabi ne, amma ladabi mai tsada.

"Takardar sulhu takarda ce kawai, gobe sai a tayar"

Wannan ita ce maganar da na fi jin tausayin masu faɗarta, don yawancinsu abin ya taɓa cin su. Sai dai in ka bincika, sau da yawa babu ma takardar. An taru bayan la'asar, an yi nasiha, an ce kai ka yi haƙuri kai kuma ka ji tsoron Allah, an shafa fatiha, an gaisa, an watse. Bayan wata shida wanda ya ce zai biya ya ce shi "in na samu" ya ce. Shaidu biyu sun tafi ci-rani, ɗaya ya rasu, mai unguwa kuma ya ce shi dai ya san an sasanta. Irin wannan, gaskiya ne, ana tayar da shi kullum. Abin da ke ba ni mamaki shi ne al'ummar da ta san cewa ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, kan rubuta bashi ta sauka, ita ce ke ganin neman a rubuta kamar rashin yarda ne.

In an rubuta kuwa, labari ya sha bamban. Dokar 2023 ta ce yarjejeniyar da aka cimma ta hanyar mai shiga tsakani tana ɗaure ɓangarorin, kuma ana iya tilasta cika ta a kotu a matsayin kwangila, ko a matsayin hukuncin da aka yi bisa yardar juna. Wannan na biyun shi ne mai haƙora. Kun kai takardarku gaban alƙali, ya tambaye ku ko da yardarku, ya karɓe ta ta zama hukuncin kotu. Daga ranar, wanda ya ƙi biya ana iya bin dukiyarsa kamar yadda ake yi wa duk wanda ya sha kaye a shari'a. Har ma ta fi hukuncin yau da kullum wuyar tayarwa: sashe na 241 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ce hukuncin Babbar Kotu da aka yi da yardar ɓangarori ba a ɗaukaka ƙara a kansa sai da izinin kotu. Mai son warware shi sai ya nuna an yaudare shi, ko an tilasta masa, ko an yi babban kuskure.

Fiƙihu ma bai sassauta ba. Tuhfatul Hukkam, littafin alƙalin Garnaɗa Ibn Asim wanda da wuya ka shiga ofishin alƙalin shari'ar Musulunci a Arewa ba ka gan shi ba, ya tafi a kan cewa sulhun da aka ƙulla ba a kwance shi, ana tilasta wa masu shi su tsaya a kansa. Ƙofofin fita kaɗan ne, kuma na wanda aka zalunta ne: misali wanda ya karɓi kaɗan saboda abokin rigimarsa ya yi musu, daga baya mai musun ya amsa, ko wata shaida da bai san da ita ba ta bayyana.

Maƙwabtanmu na Nijar sun fi mu ɗaukar takarda da muhimmanci a wannan fage. Dokar karkara ta 1993 ta sa rikicin gona da makiyaya ya fara biyawa ta hannun sarakunan gargajiya kafin ya je gaban alƙali, kuma ana rubuta sakamakon zaman, ko an daidaita ko ba a daidaita ba. A harkar kasuwanci kuma Nijar da Chadi da Kamaru suna cikin ƙasashe 17 na ƙungiyar OHADA, wadda ta zartar da dokar sulhu ta bai-ɗaya a Konakiri ranar 23 ga Nuwamba 2017. A can ma kotu tana iya sa wa yarjejeniya hatimin da zai mai da ita abin zartarwa. Gana tana da tata dokar tun 2010, har da babi kan tahkimin gargajiya. Ga manyan 'yan kasuwa masu hulɗa da ƙetare akwai Yarjejeniyar Singafo ta 2019, wadda Najeriya ta sa wa hannu kuma ta tabbatar, don sulhun kasuwanci da aka yi a wata ƙasa ya yi aiki a wata. Ita ba ta shafi aure da gado da rikicin ma'aikaci da ubangidansa ba.

Amma fa takarda ma suna ta tara. "Mun sasanta, Allah Ya kiyaye gaba" ba abin da alƙali zai iya zartarwa a ciki. Wadda ke aiki ita ce mai faɗin nawa ne, wa zai biya, ranar yaushe, kashi nawa, ta wace hanya, me zai biyo baya in an saɓa. In fili ne, daga ina zuwa ina, taku ko mita nawa, wa ke gabas wa ke yamma. Kowa ya sa hannu ko ya dangwala, mai shiga tsakani da shaidu su sa, kowa ya tafi da kwafinsa. Wanda bai iya karatu ba a karanta masa da harshen da yake ji, a kuma rubuta cewa an karanta masa.

"Sabon salo ne, Turawa suka kawo"

Ginin da kwandishan ɗin dai sababbi ne. Wani malamin lauya a Jami'ar Harvard ta Amurka, Frank Sander, shi ya kawo shawara a 1976 cewa a yi kotu mai ƙofofi da yawa, inda za a duba rigimarka a nuna maka ƙofar da ta dace da ita: ta alƙali, ta hakami, ko ta mai shiga tsakani. Legas ta buɗe irin wannan a Yunin 2002, ta farko a Afirka, Abuja ta bi a 2003, Kano a 2009.

Aikin kansa kuwa ya girmi kakannin Sander. Buhari da Muslim sun ruwaito yadda muryoyin Ka'abu bn Malik da Ibn Abi Hadrad suka tashi a masallaci kan bashi, Manzon Allah (SAW) ya leƙo daga ɗakinsa ya yi wa Ka'abu nuni ya sauke rabi, ya yarda, aka ce wa ɗayan ya tashi ya biya. A lura da ƙarshen: an sauke rabi, amma biyan ragowar nan take ne. A Sudan akwai judiyya, inda dattawan da ake kira ajawid ke zama tsakanin ƙabilu. A nan gida sarkin kasuwa da sarkin pawa da arɗo da liman sun kashe rigimar da ba a ƙirga ba tun kafin a san kotun majistare. Gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta farfaɗo da sunan Zauren Sulhu a ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu, hukumar Hisba ta Kano kuma, wadda dokar 2003 ta kafa, babban ɓangaren aikinta na yau da kullum sasanta ma'aurata da 'yan bashi ne. Abin da zamani ya ƙara shi ne magatakarda da hatimi da horar da mai shiga tsakani ya iya kame bakinsa.

"In magana ta kai gaban alƙali an wuce wurin"

Ba a wuce ba. Ana sasantawa kafin sammaci, ana yi bayan an fara jin shaidu, ana yi har a matakin ɗaukaka ƙara. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Najeriya tana da cibiyar sulhu tata. Ƙa'idojin aikin lauya sun wajabta wa lauya ya sanar da wanda yake wakilta cewa akwai wannan hanya kafin ya shigar da ƙara ko ya ci gaba da ita, don haka wanda lauyansa bai taɓa ambata masa ba yana da damar tambaya. Wani lokaci ma bayan hukunci ake fi buƙatar mai shiga tsakani. Kotun Duniya ta ba Kamaru yankin Bakassi a Oktoban 2002, amma hukuncin bai ɗaga soja ko ɗaya daga wurin ba sai da Kofi Annan ya zaunar da Obasanjo da Paul Biya suka sa hannu a yarjejeniyar Greentree a Yunin 2006, aka kammala miƙa yankin a Agustan 2008.

"Ba abin da ba a sulhuntawa"

Ƙarya ce, kuma mai haɗari, don a bayanta ake ɓoye mafi munin ta'asa. Bashi da haya da iyaka da ɓarnar dabbobi da rabuwar abokan kasuwanci, duk haƙƙinka ne, kana iya yafe wani ka karɓi wani. Babban laifi kuwa ba naka kaɗai ba ne. Dokar bin hanyoyin shari'ar laifi da Arewa ta yi shekaru tana aiki da ita ta ware, a sashe na 339, laifuffukan da wanda aka cuta zai iya janyewa: irin su duka marar tsanani, ɓata suna, shiga gonar wani ko gidansa ba izini. Wasu sai da yardar kotu. Kisan kai da fashi da makami da fyaɗe ba sa cikin jerin. Zaman da ake yi a soro a ba uban yarinya 'yan kuɗin magani a ce a rufa asiri, ba sulhu ba ne a idon kowace doka. Asirin mai laifi aka rufa, kuma yarinya ta gaba ce za ta biya.

Shari'ar Musulunci tana da nata rabon. A ƙisasi, magadan wanda aka kashe suna da ikon yafewa ko karɓar diyya. A haddi kuwa, da zarar magana ta kai ga hukuma ceto ya ƙare. Ƙissar Safwanu bn Umayya da ɓarawon mayafinsa, inda Safwanun ya so ya yafe bayan ya riga ya kai ɓarawon gaban hukuma, ita ce hujjar da malamai ke kafawa. A harkar kuɗi ma akwai shinge. Sulhun da zai ce an ƙara maka wata uku amma dubu ɗari ta zama dubu ɗari da ashirin riba ce da aka sa wa rawani.

Sai kuma sulhun caji ofis, wanda kowa ya sani. Wani na binka kuɗin kaya, sai ka ga 'yan sanda, a tsare ka har ka rubuta alkawarin biya. Dokar shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 da Dokar 'Yan Sanda ta 2020 duk sun hana kama mutum don kawai bashi ko saɓa kwangila, kotuna kuma sun sha nanata cewa 'yan sanda ba 'yan karɓar bashi ba ne. Takardar da aka sa wa hannu a bayan kanta, yarda ba ta cikinta.

"Gwada mana, ai ba abin da za ka rasa"

Wannan masu son sulhu ne ke faɗa, kuma a nan nake rabuwa da su. Akwai abin rasawa, na farko lokaci. Yawancin ƙararraki suna da wa'adin da in ya wuce kotu ba ta saurare. Wasu ƙararraki a kan jami'an gwamnati wata uku kacal doka ta ba su. A 1994, a shari'ar Eboigbe da kamfanin mai na ƙasa, Kotun Ƙoli ta ce tattaunawar neman sasanci ba ta tsayar da wannan agogo. Mutumin ya ɓata shekaru yana musayar wasiƙu kan diyyar amfanin gona, da ya zo kotu aka ce ya makara. Dokar 2023 ta gyara wani ɓangare: in an fara zaman sulhu na ƙa'ida, wa'adin yana tsayawa har a gama. Amma "bari Alhaji ya dawo daga Umra mu zauna" ba zaman ƙa'ida ba ne. A kotunan Musulunci ma akwai hauzi: bare ya shekara goma yana noma ko gini a filinka kana gari kana gani ba ka ce uffan ba, da'awarka ta raunana. Mai cewa a yi ta haƙuri wani lokaci kwanaki yake ƙirgawa.

Abu na biyu ya fi zafi. Sulhu ciniki ne, ciniki kuma tsakanin mai ƙarfi da marar ƙarfi kowa ya san inda yake karkata. A ƙaddara mutum ya rasu ya bar mace ɗaya da 'ya'ya ƙanana da gida na naira miliyan 16. Tumunin takabarta miliyan 2 ne. 'Yan'uwan mamaci suka tara ta, baffa ya yi gyaran murya ya ce, "Ke dai ki yi haƙuri, ga dubu ɗari biyar ki ja jari, kada a ji mu a kotu." Ba a gaya mata kuɗin gidan ba, ba ta san da shago a kasuwa ba, kunya kuma ta hana ta ɗaga kai a gaban surukai. Ta ce ta yarda. Kowa ya tashi yana cewa an yi sulhu.

Littattafan da baffan ke girmamawa ba su tare da shi. Fita daga gado da karɓar wani abu halal ne, an yi shi tun zamanin Sahabbai da matar Abdurrahman bn Auf, amma Ibn Asim ya sa sharaɗin a san yawan dukiyar da aka bari. Wasiyyin maraya ba shi da ikon yin sulhun da zai tauye marayan. Matar da ta fanshi kanta da hul'i saboda miji yana cutar da ita, in ta tabbatar da cutarwar, Malikiyya sun ce a mayar mata da kuɗinta, sakin kuma ya zauna. Abin da ya fi burge ni shi ne iyakar da aka sa wa alƙali kansa: ya kira mutane zuwa sulhu in hukunci ya rikice masa, amma in gaskiya ta fito fili ya yanke, sai fa in yana tsoron fitina ko tsinkewar zumunci. Mu kuwa mun juya abin. Inda gaskiya ta fi fitowa fili, wato inda mai ƙarfi ya danne marar ƙarfi, nan muka fi saurin cewa a je a sasanta, kuma kusan kullum mutum ɗaya ake ba haƙuri.

Saboda haka dattijuwar benci da mai cewa za a cinye ka duk suna da ɗan rabo a gaskiya. Abin da ke raba zaman kirki da na cuta tambayoyi ne ƙanana da ake iya yi tun kafin a shimfiɗa tabarma. Wa ya zaɓi mai shiga tsakanin, kuma me ke tsakaninsa da ɗaya ɓangaren? An baje lissafi kowa ya gani? Zan iya zuwa da wana, ko malamina, ko lauya? In na ce ban yarda ba, za a bar ni in tafi kotu ba tare da an sa mini karan tsana ba? Matar da ta san tumuninta miliyan 2 ne, ta zaɓi karɓar miliyan ɗaya da rabi yau maimakon jiran a sayar da gida baɗi, wannan ta yi ciniki da idonta biyu, ba mai cewa an cuce ta.

Tamu rigimar gonar a zaure ta ƙare, bayan damina biyu ana ɗage zama ba wanda ya shuka ko ƙwaya a wurin da ake jayayya. Aka fita da igiya aka auna, ɗan dagaci ya rubuta, dattawa shida suka dangwala, aka kai wa alƙali ya karanta ya tambayi kowa ya buga hatimi. A kan sabuwar iyakar aka dasa bini-da-zugu, yanzu ya fi mutum tsawo. Kawuna har gobe yana nan a kan cewa an ci mana kunya biyu ta gefen yamma, kuma duk shekara in an zo sharar gona sai ya tsaya a wurin ya nuna da sandarsa.